Filin Tanis na Miliyan Sittin da Biyu, Babu Kwata

Wata rana a ƙarshen bazarar bana, Malam Barau yana ƙofar zaurensa yana cuɗa ƙasar yaɓe, sai ya ji rugugin tifa a bayan gidansa.

Malam Barau tsohon magini ne, na ginin ƙasa. Ya haura saba'in. Rabin katangun unguwarmu hannunsa ne ya ɗora su.

A bayan gidan nasa akwai kududdufi. Tun kafin a haife mu, duk ruwan saman da ya sauka a unguwar nan can yake gangarawa ya kwanta. Ba shi da kyan gani, ga sauro. Amma shi ne ya hana gidajenmu zama cikin ruwa.

Wani attajiri da gidansa ke ɗaya gefen ya saye shi. Ba zan faɗi sunansa ba tukuna.

Ya ce filin wasan tanis zai yi a cikin gida, wai likita ya ce ya riƙa motsa jiki.

Tifa ɗari da arba'in ta jar ƙasa aka juye a ramin. Aka daddaɓe, aka shimfiɗa tsakuwa, aka ɗaure rodi, aka zuba kankare. Fentin ma daga waje aka yo odarsa. Fitilu shida a kan dogayen ƙarafa. Waya mai tsawon mutum biyu, don kada ƙwallo ta tsallake.

Naira miliyan sittin da biyu. Ba ƙiyasina ba ne. Shi ya faɗa da bakinsa a wurin wani ɗaurin aure, mutane suna ji.

Da aka gama, filin ya fi daɓen gidan Malam Barau tudu har ƙugun mutum.

Abin da ya tsaya wa tsohon a rai ke nan.

Gidansa zaure ne da ɗaki ɗaya. Ɗakin ya jingina da katangar baya, a cikinsa kuma matarsa Inna Tabawa take kwance. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinta ya shanye. Ba ta tashi sai an tashe ta. Bakinta dai lafiya lau.

"Malam, wai me suke ta daka a bayan kaina?"

"Wurin wasan ƙwallo ake yi."

"Na yara?"

"Na manya."

"To, Allah Ya shirya manya."

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ba a yin filin tanis a shimfiɗe daidai. Ana ɗan karkata shi gefe ɗaya, kaɗan, yadda ido ba zai gani ba, don kada ruwa ya kwanta a kai.

Tambayar kawai ita ce: wane gefe?

Ranar da kankaren ya bushe, Malam Barau ya ɗauki butarsa ya zagaya. Maigadi ya san shi, ya bar shi ya shiga. Ya tarar da Alhaji mai filin tsaye da injiniyansa suna duba aiki.

Ya gaishe su. Ya je tsakiyar filin ya tsuguna, ya tuntsurar da butar, yadda magina ke gwada daɓe.

Ruwan ya miƙe kamar an aike shi. Bai tsaya ba sai gindin katangar Alhaji, inda aka bar ƙofofi huɗu don ruwa ya fita. A bayan ƙofofin nan babu kwata, babu komai, sai bangon ɗakin Inna Tabawa.

Alhaji ya yi dariya.

"Baba, a nan za ka yi alwala?"

"A'a, ranka ya daɗe. Tambayar ruwan na yi ina za shi, ga shi ya nuna mini. Ɗakin iyalina za shi."

"Baba, ka san nawa na kashe a wurin nan?"

"Ban sani ba. Buta ɗaya dai na zuba. Na Agusta ba a buta yake zuwa ba. A taimaka a ja kwata ta gefe, ta fitar da shi titi."

Alhaji ya dubi injiniya. Injiniya ya ce zai yiwu, dubu ɗari tara za ta yi, sai dai dole a ɗaga daɓen ƙofar gida da furannin da aka riga aka dasa.

"A fasa mini ƙofar gida saboda katangar laka? Baba, ka ƙara yaɓe mana. Ai sana'arka ce."

Dubu ɗari tara a cikin miliyan sittin da biyu.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi. Ko kashi biyu cikin ɗari bai kai ba.

Malam Barau ya koma ya ƙara yaɓe. Ya sake ƙarawa. Ya jera duwatsu a gindin bangon. Sau uku yana zuwa wurin mai unguwa, sau uku ana ce masa za a duba. A na ukun da ni aka je, da kunnena na ji.

Damina ta sauka.

Kowace safiya sai ya je ya ɗora tafin hannunsa a bangon, kamar mai duba zazzaɓi. Damshi ya fara daga idon sawu. Ya hau ƙwauri. Ya kai gwiwa.

Ya roƙi Inna Tabawa ta koma zaure gaba ɗaya. Ta ce ita ba za ta kwana inda maza ke sallama ba, da girmanta. Sai suka yi yarjejeniya: duk sanda hadari ya haɗu, zai goya ta ya kai ta zaure, in ruwa ya ɗauke ya maido ta.

Mutum mai shekara saba'in da ɗoriya, yana goyo.

"Da ƙuruciya ba ka goya ni ba, Malam, sai yanzu da ƙafarka ke rawa," in ji ta.

Ranar wata Juma'a ya fita masallaci, gari fes, ko ɗigon gajimare babu. Liman yana kan mumbari iska ta taso. Kafin a tayar da salla ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Ana sallamewa bai tsaya neman takalminsa ba.

Ya iso ya tarar ƙofofin nan huɗu suna ambaliya, ruwan fili guda yana dukan wuri ɗaya. Bangon ya riga ya zauna. Rufin ya bi shi.

Maƙwabta suka fito da fartanya da kwanoni, wasu da hannu kawai. Shi ne yake nuna musu inda za su tona da inda ba za su taka ba, don ya san kwanciyar kowace azara. Shi ya ɗora su.

Bayan la'asar aka ciro ta.

Kafin magariba aka kai ta makwancinta.

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo da buhun shinkafa da jarkar mai. Ya zauna a kan tabarma, ya ce, "Ƙaddara ce, Baba. Allah Ya ba da haƙuri."

Malam Barau ya ce, "Amin." Da Alhaji ya tafi, har akwai masu cewa ai ya kyauta.

Bai kyauta ba.

Na yi imani da ƙaddara, ba wanda zai koya mini wannan. Amma an je an faɗa masa. An nuna masa da ido. An gaya masa kuɗin gyara, ya zaɓi furanni.

Yau kwana goma sha ɗaya da rasuwarta. Ƙofofin nan huɗu suna nan a buɗe. Yanzu ruwan yana ratsa kangon Malam Barau ya je ya daki katangar Malama Gambo, wadda ke zaune da 'ya'ya biyar. Jiya na je na auna damshin da kaina. Ya wuce taƙi biyu.

Abin da muke nema ba ɓoyayye ba ne. A ja kwatar nan a makon nan, ba bayan damina ba. A gina wa Malam Barau ɗakinsa. Maganar ran Inna Tabawa kuma ba ta shinkafa ba ce, ta gaban alƙali ce, shari'a ta faɗi abin da ya hau kan wa. Wanda ya sa hannu a takardar da ta yarda a cike kududdufin nan shi ma ya fito ya yi bayani. Na rubuta wa hukuma takarda, na ajiye kwafi mai hatimi.

Darasi: kafin ka yi gini, kada ka tsaya a tambayar nawa zai ci. Ka tambayi wa zai cutu. In maƙwabcinka ya tako har gidanka ya ce maka akwai haɗari, daga ranar nan ka daina zama wanda bai sani ba, a wurin mutane da wurin Allah.

Kada ku rubuta "Allah Ya jiƙanta" ku wuce. Ku yi mata addu'a, sannan ku tura wannan gaba, har ya shiga wayar wanda zai iya sa a kawo diga da shebur. Yara biyar ne ke bayan katanga ta gaba, kuma da sauran damina.