Maiƙo a Aljihun Alƙali

Shekarar da muka gama ajin yaƙi da jahilci a Hunkuyi, malamarmu ta ce za mu yi wasan kwaikwayo a gaban baƙi. Aka ba ni fulawa da sukari, na gasa kek a gwangwanayen madara cikin tukunyar yashi, na kai faranti cike.

Muna shiri a bayan labule aka buɗe farantin, sai ga rabi babu. Matar da za ta fito a alƙali, sanye da farar babbar rigar mijinta, ita ta fara magana, tana kallona.

“Yaya, ai da kin faɗa mana yaranki na jin yunwa.”

A gaban kowa fa. Ni ba mai hayaniya ba ce. Sai na shiga bin matan da ido ɗaya bayan ɗaya, har na dawo kanta. Ashe a babban aljihun ƙirji ta zuba kek ɗin. Maiƙo ya ratsa shaddar, ya fito zagaye kamar gindin gwangwani.

Na ja malama gefe na nuna mata. Ta ce, “Mama, ki yi haƙuri, baƙi sun zauna.”

Haƙuri dai! Aka yi wasan, alƙali ta yanke hukunci, aka tafa mata. Malama ba ta sake tayar da maganar ba. Har yau akwai 'yan ajinmu da in za su yi suna, wata suke kai wa fulawarsu ta gasa musu kek, ba ni ba.