Mai Korar Kura

Shekara ashirin da bakwai Baba Kumfa ya yi yana wankin kafet da kujerun kushin a wani shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai gyaran fanka da mai aski. Aikin ne ya raɗa masa sunan, don da wuya ka gan shi babu kumfar sabulu a gwiwar hannu ko a gemu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, atishawarsa kamar fashewar taya, kuma ba abin da ya tsana a duniya irin ƙura. In ya je gidanka gaisuwa, kafin ya zauna sai ya shafa yatsa a hannun kujera ya duba. Abokai da yawa sun daina gayyatarsa saboda wannan hali.

A saman ƙofar shagon akwai farin allo da aka rubuta MAI KORAR ƘURA, kuma allon yana da tarihi. Lokacin da aka yi shi, mai rubutun ya manta ƙugiyar da ke kan harafin Ƙ. Ba wanda ya lura sai Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke aji uku a firamare. Ta dawo makaranta ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Baba, kura aka rubuta, mai cin awaki!" Aka kife mata bokiti a kan tebur, ta hau, ta zana ƙugiyar da jan fenti. Ta fito a karkace kamar mariƙin kofi, amma Baba Kumfa ya hana kowa gyara ta. Duk wanda ya kawo kafet sai ya sha labarin nan, ko yana so ko ba ya so.

To, zamani riga ne. Manyan kamfanonin wanki suka zo da motoci masu ƙyalli da talla a waya, tsofaffin masu kawo masa aiki kuma wasu suka tashi, wasu suka rasu. Sai ya yini yana wanke burushin da bai yi datti ba. Ƙanin matarsa, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan shagon don ya zuba rigunan waya, ya fara zuwa gaisuwa sau biyu a mako, idonsa na auna bango. Ran nan matar Baba Kumfa ta zaunar da shi.

"Malam, bayanka ya gaji, aiki kuma babu. Ka bar wa ƙanina shagon ka huta."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya roƙi wata ɗaya. In wata ya ƙare ba sabon mai kawo aiki, zai miƙa makulli.

Auta kuwa ta girma, sana'arta gina wa masu ƙananan sana'o'i shafin intanet da tallata su. Ta yi wa tela, ta yi wa mai sayar da labule, uban ne kawai ya ƙi. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Ba a wanke kafet ta waya." Wannan karon shi ya kira ta da kansa, yana ta kame-kame, ya ce ko za ta gwada abin nan nata.

Kwana biyu ta gama. Ta ɗauke shi hoto a gaban tsohuwar motarsa a-kori-kura, ya rungume injin zuƙe ƙura kamar jariri, fuska a murtuke. Ta yi masa bayani cewa adireshin shafin ba zai ɗauki ƙugiya ba, bai ma saurara ba. Tallar kuma ta buga ta a gurguje a kwamfutar wata ƙawarta da ba ta da haruffa masu ƙugiya, da niyyar za ta gyara daga baya. Aiki ya sha kanta, ta manta, ta saki tallar haka:

"Kura ta dame ka a gida? Kira Mai Korar Kura! Muna zuwa har cikin falo mu fitar da ita, ko ta shekara goma a bayan kujera."

Washegari da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Ya goge hannu a riga, ya gyara murya.

"Salamu alaikum, kai ne mai korar kura?" in ji wata mata, tana danne dariya. "Tawa kurar mijina ne, nama ba ya kwana a tukunya. Yaushe za ka zo?"

Ya kashe wayar a fusace. Wayar ta sake yin ƙara. Wani ne ke tambaya ko da sanda yake korar ko da hannu. Na uku ya ce surukarsa ce ta zo kwana uku ta yi wata huɗu, ko ita ma tana cikin lissafi? Mai aski ya shigo da gudu riƙe da waya, ya bar mutum da rabin aski, yana dariya har da tari. An yaɗa hoton ko'ina, ga mutum ya murtuke, ga mota a-kori-kura, ga alkawarin fitar da kura daga bayan kujera. Baba Kumfa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kira na tara ne ya juya lamarin. Ya gaji da fushi, don haka da wata ta ce tana da kura a gida, sai ya ce, "Baiwar Allah, kurar taki mai ƙafa huɗu ce ko mai sa atishawa?"

Matar ta yi dariya har wayar ta kusa suɓuce mata. Da ta dawo hayyacinta ta ce mai sa atishawa ce, kafet uku da kujera bakwai, ko zai zo gobe?

Shi ke nan, Baba Kumfa ya sami bakin zaren. Kowa ya kira don tsokana sai ya jefa masa tambayar nan, kuma ashe duk mai dariya yana da kafet mai datti. Ya fara shiga gidajen mutane yana saɗaɗawa, yatsa a leɓe, yana cewa a yi shiru kar ta farka. Ya ɗaga kujera a hankali ya ce, "Ga ta nan, ta ma haihu!" Yara su watse da ihu, iyaye su ɗauki bidiyo, bidiyon ya jawo wasu. Mutumin da bai iya murmushi a hoto ba, sai ga shi yana taka rawa da injin a hannu. Matarsa ta gani a waya ta riƙe baki ta ce ita dai ba wannan ta aura ba.

Ranar da wata ya cika, ƙanin matar ya zo da tef ɗin awo, bai sami wurin sa ƙafa ba saboda tulin kafet. Ya gaishe da mijin yayar tasa a daddafe, ya naɗe tef ɗinsa ya koma.

Bai daɗe da fita ba Auta ta iso. Tun da ta gano kuskuren take guje wa shagon don kunya, ita da take karɓar aikin mutane a kan ta iya.

"Baba, ka yafe min. Ni da na gyara wa mai allo, ni ce na yi irin nasa. Yau zan mayar da ƙugiyar."

"Ki mayar da me? Ki taɓa min kura ki gani!"

Ya shiga ciki ya fito da gwangwanin farin fenti, ya jawo tebur zuwa bakin ƙofa, ya kife bokiti a kai, ko da yake yanzu tebur kaɗai ya ishe ta.

"Masu zuwa suna ta tambaya ko nan ne, wai allon bai yi daidai da wayar ba. Ke kika sa ta, ke za ki cire ta."

Ta hau. Jar ƙugiyar tana nan a karkace, ta koɗe, har da ɗigon da ya zubo daga hannunta tana 'yar shekara takwas. Ta tsoma burushi, ta ɗan tsaya, sannan ta shafe ta. Da ta waiwayo sai ta ga uban ya riƙe bokitin da hannu ɗaya, ɗayan yana murza ido.

"Baba, lafiya?"

"Ƙura ce ta faɗa min a ido."

"A shagonka, Baba?"