Hannun da ya fito a hoton waldata

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi an ce ba, kuma wallahi tallahi ko yau na tuna sai raina ya ɓaci. Ni mai walda ne, a Makka aka haife ni, a unguwar Utaibiyya, kuma shekara kusan goma ke nan da faruwar abin. Lokacin ina wata warsha, wato shagon walda, muna haɗa ƙofofin gidaje da tagogi, aikin da na daɗe da gajiya da shi, ga mata ga yara uku a ɗaki biyu na haya, sai labari ya zo cewa wata ƙasa a Asiya za ta faɗaɗa tashar lantarkinta ta nukiliya da ke bakin teku, ana neman ƙwararrun masu waldar bututu. Mai rabo zai yi shekara huɗu a can, ya dawo da takardar shaidar da ko'ina a duniya za a ɗauke shi aiki da ita. Ni kuwa, ba yabon kai ba, a layinmu kaf babu mai hannuna.

Manyan kamfanin suna Jidda, tunda ba Musulmi ba ne ba su shiga Makka, sai suka turo wani muhandis, wato injiniya, Bamasare ya gwada mu a wata warsha a bayan gari. Gwajin shi ne ka haɗa guntayen bututu biyu, ka buga lambarka a jiki, in ya huce a kai shi wani ɗaki mai kaurin bango a haska shi kamar yadda ake hoton ƙashi a asibiti, don bututun nukiliya ko rami kamar bakin allura ba a yarda da shi. Kafin a haska sai an kori kowa, an ja igiya, an kulle ƙofa.

Na yi nawa da hantsi, na duba, sumul. Washegari muhandis ya kira ni ya ɗora fim ɗin hoton da aka ɗauki waldata a kan fitila. Waldar ba ta fito ba, wata inuwa ta rufe ta. Ya ce wataƙila fim ne ya lalace, in sake. Na sake, inuwa ta sake fitowa, wannan karo har da rassa. Ya dube ni ya ce, "Ya shekh, me kake shafa wa ƙarfen nan?" Subhanallahi! Ni da ko turare ba na sawa in zan yi aiki. Na ce masa ya tsaya a kaina in yi na uku, ya ɗauki bututun da hannunsa, ya kulle ɗakin da kansa, in ya ga wani abu ya kore ni.

Haka aka yi, bayan sallar azahar, rana na dukan ƙwaƙwalwa. Ya wanke fim ɗin ina tsaye, ya ɗora a fitila, sai na ji ya ce a'uzubillahi. Hannu ne, jama'a. Ƙasusuwan hannun mutum, ya dafe waldata kamar mai rufe bakin tulu, yatsu biyar, na tsakiyan guntu. Muhandis ya ce min shi abin da ya fi ɗaure masa kai, hasken da ke huda ƙarfe mai kaurin nan, ƙashin mutum ba ya ko fitowa a ciki. Na roƙe shi, na ce to ai ba laifina ba ne, a yanka bututun a duba da ido. Ya ce doka ta ce hoto, kuma sau uku ake gwada mutum. Khalas, shi ke nan. Mutum goma sha ɗaya aka ɗauka, har da wanda ni na koya masa riƙe sandar walda.

Na ɗauki hoton fim ɗin a waya na tafi unguwar Jarwal wajen mahaifiyata, ba don komai ba sai don in sami wanda zan yi wa ƙorafi. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, sannan ta ajiye wayar a hankali ta ce, "Wannan ai hannun babanku ne." Shi ma mai walda ne, ya rasu ina shekara uku, ban san hannunsa ba, ashe injin yankan ƙarfe ya taɓa cire masa kan yatsa. Na ce, "Umma, ya bar wasiyya ne kada in bar Makka?" Ta ce ko kusa, shi da kullum burinsa 'ya'yansa su ga duniya. Na ce to me na yi masa? Ta ce, "Ka yi masa addu'a, ka bar tambaya."

Na yi ta jira, Allah ya yafe min, in ji wani abu ya faru a tashar nan, don in ce ashe tsare ni aka yi. Shiru. An gama aikin, tasha na ba da wuta, mutum goma sha ɗayan nan sun dawo lafiya lau, wasu har sun yi ƙiba, ni kuwa ina nan ina haɗa ƙofofi. Malamai biyu na tambaya, ɗaya ya ce aljani ne, ɗaya ya ce in daina bincike. Wallahi takaicin rashin sanin dalili ya fi min takaicin aikin.

Bara na zame a warsha na bugu a wuyan hannu, aka kai ni mustashfa, wato asibiti, aka yi hoto, ni kaɗai a ɗakin, ƙofa a rufe. Likitar ta ɗaga hoton ta daɗe tana kallo, ta ce babu karaya, sannan ta juyo ta ce, "Amma wa ya shiga tare da kai ya riƙe maka hannu? Ai ba a yarda ba."

Ban karɓi hoton ba, na ɗauki takalmina na fita. Ku dai da iyayenku suka riga ku gidan gaskiya, ku yawaita yi musu addu'a, kuma in kun ga ƙofa ta ƙi buɗuwa har sau uku, kada ku ce sai kun ga wanda ya dafe ta.