Taubashina Ya Riga Ni Kwanciya a Inuwar da Na Dasa

Abu biyu mutane suka ce ba za su taɓa yiwuwa ba a kan filin nan da ke can bayan Ƙofar Dawanau, kuma duka biyun da kunnena na ji su. Na farko, tun ina saurayi, sabon malamin daji, dattawan ƙauyen da ke kusa suka ce darbejiya ba za ta rayu a wannan faƙo ba ko da madara za a riƙa zuba mata. Na biyu, bayan na tsufa na ajiye aiki, masana ofis suka ce ƙasar da aka riga aka killace da sunan gandun daji ba ta sake fita daga hannun hukuma har a naɗe ƙasa. Yau darbejiyar tana nan, inuwarta ta haɗe, wani yanki na gandun kuma ya fita bisa doka ya zama maƙabartar unguwarmu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, in ka tsaya a Gwammaja ka tambayi wanda ya yi wannan aiki, sunan mutum ɗaya za a faɗa maka, kuma ba nawa ba ne.

Mutumin nan ɗan kawuna ne, wato taubashina. Mahaifinsa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, saboda haka shi ne ɗan namiji, ni ne ɗan mace, kuma tun muna wasan ƙasa yake kirana bawansa kamar yadda al'ada ta ba shi dama. Tare aka sa mu a makaranta. Ni na zauna na yi karatu har na ci jarrabawar shiga aikin daji. Shi kuwa ya gudu tun bai iya jera haruffan sunansa sosai ba, ya bi fataken hatsi. Allah Ya buɗa masa. Ya zama Alhaji tun ban mallaki keke na kaina ba, ya yi rumbuna da gonaki da manyan motoci. Ban taɓa yi masa hassadar dukiya ba, Allah Shi ne shaida, domin na ɗauka kowa da rabonsa: shi kasuwa, ni daji. Ban san wata rana zai biyo ni har cikin dajin ba.

Ya kamata in bayyana wa mai karatu yadda dokar gandu take, kamar yadda na yi mata hidima. Da zarar an zagaye fili da turakun siminti an shelanta shi gandu, to, ba a noma a ciki, ba a gini, ba a sare itace sai da izini. Wanda yake son a cire wani yanki don wata buƙata, sai ya nuna cewa buƙatar ta jama'a ce, sai hakimi da dagatai sun yarda, sai an ji ta bakin makiyayan da burtalinsu ya ratsa wurin, sannan sai an samo wani fili a dasa shi a madadin wanda aka cira. Bayan wannan duka maganar take hawa sama, ta jira sa hannun da ba kowa ke ganin mai shi ba. A tsawon aikina na mayar da attajirai da yawa gida hannu rabbana, masu son gidan mai da masu son yanka filaye. Ina alfahari da haka har gobe.

Gandun da nake magana a kansa kuwa, ni na dasa shi. A shekarar fari ce, da jakuna muka riƙa jigilar ruwa daga rijiya muna bi dashe dashe. Na bar tazara mai faɗi tsakanin layi da layi, fiye da yadda aka saba, domin na ga ƙasar ba ta da ƙarfin ciyar da itatuwa a cunkushe. Shugabana na lokacin ya yi mini faɗa a kan haka. Itatuwan da aka matse a wasu gandayen sun bushe, nawa suka tsaya.

Shekaru suka tura, birni ya cika ya tumbatsa, tsohuwar maƙabartarmu ta ƙi ɗaukar kowa. Masu haƙa sukan sa diga su ci karo da wanda ya riga mu, su mayar da ƙasa, su matsa gaba, ga makara a ajiye ana jira a rana. Duk wanda ya raka gawa ya dawo da ɓacin rai biyu.

A unguwarmu har yanzu muna ciyayya. Bayan sallar magariba kowane magidanci a layinmu yakan sa a fito da akushinsa zauren mai unguwa, a haɗa, a ci tare. A nan ake yanke yawancin abin da ya shafi unguwa, ko da yake ba wanda yake kiransa taro. Wata rana mun dawo daga jana'izar wani maƙwabci, aka buɗe tuwo. Mai unguwa ya ce, "Jama'a, ina za mu kai 'yan'uwanmu? Fili ya ƙare."

Wani tsohon akawu ya ce, "Fili kam akwai, ga gandu can yana kwance. Amma wannan sai kallo. Ko Malam ba haka ba?"

Ni yake nufi. Na ajiye lomar da ke hannuna na ce, "Haka ne ga mai son ya sare. Amma maƙabarta ba ta buƙatar sara. Tazarar da na bari tsakanin layukan nan ta ɗauki kabari har da hanyar wucewa, saiwa ba za ta hana haƙa ba. Rassan da ake sassabewa duk shekara su ne itacen rufe kabari. A bar wa Fulani burtalinsu ta gabas, kada a taɓa shi. In aka shigar da maganar a haka, ƙasa ce za ta sauya suna, itace ko ɗaya ba zai faɗi ba. Abin da ya rage shi ne filin musanya."

Sai taubashina ya kwashe da dariya, yana tsame nama daga akushina, ba nasa ba.

"Kai, bawan nan nawa! Ashe duk shekarun nan kabarinka kake yi wa ban ruwa ba mu sani ba?"

Na ce, "Alhaji, ci naka naman, ka bar nawa."

"Naka? Bawa yana da nama? Kai da akushin duka nawa ne."

Aka yi dariya, har da ni. Wasan taubasai ba a fushi da shi. Wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

Wanda yake riƙe da sashen daji a lokacin yarona ne a wurin aiki. Ni na koya masa riƙe igiyar awo, ni na rubuta masa shaidar da aka ƙara masa girma da ita. A tarbiyyar da muka samu, babba ba ya zuwa ya zauna a benci a ƙofar ofishin ƙaraminsa yana jiran masinja ya ce ya shigo. Na san yana zuwa gaishe ni duk Sallah, bai taɓa fashi ba. Na yanke shawara in jira zuwansa, in ajiye masa maganar a zaurena, a inda ta dace. Har yau ban ga aibin wannan ba.

Sallah ta zo, shi ma ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ni, aka kawo masa ruwa. Ina shirin buɗe baki sai ya ce, "Baba, ai dole in yi muku murna. Alhajinku ya zo mana da wata shawara da ta burge kowa a ma'aikata. Wai a yi maƙabarta a tsakanin layukan darbejiya ba tare da an sare ko ɗaya ba. Mutumin da bai yi boko ba, amma ya hango abin da mu ba mu hango ba!"

Na tambaye shi, "Shi ya ce maka shawararsa ce?"

"Bai ce ba, bai kuma ce ta wani ba ce. Ya dai yi ta zarya, Baba. Ya zauna a bencinmu har masinjoji sun saba da goronsa. Ya je wurin hakimi, ya je rugar Ardo ya sha nono da su. Kuma gonarsa ta kan hanya ya bayar a dasa a madadin yankin."

Na ce, "Madalla. Allah Ya saka masa."

Da yamma na taka har gidan Alhaji. Na same shi a kan darduma a ƙofar gida, yana sauraron rediyo. Ko zama ban yi ba na ce, "Alhaji, maganar da na yi a bakin akushi ka ɗauka ka kai ofis?"

Bai ko rage murya ba. "Af! To da a bar ta ta huce tare da tuwon? Zauna mana, malamin daji, ka tsaya mini a ka kamar mai karɓar haraji."

"Ka ambaci sunana a can?"

"In ambaci sunan bawana a gaban manya? Kayan bawa ai na ubangijinsa ne. Kai ka yi tunani, ni na yi tafiya. Da ka taka da ƙafarka, wa zai hana ka?"

Ya faɗe ta yana dariya, 'ya'yansa suna gefe suna murmushi. Da wani ne ba shi ba, da na kai ƙara wurin mai unguwa an zauna an ba kowa haƙƙinsa. Amma wa zai kai ƙarar taubashinsa a kan wasa? Da an yi mini dariya daga nan har Yakasai. Al'adar da ta ba shi bakin zagina ita ce ta ɗaure nawa.

Zan faɗi gaskiya a kansa, domin ba a gina daraja da tauye ta wani. Gonar da ya bayar gona ce ta gaske, mai jigawa mai kyau, kuma ni ba ni da ko taki ɗaya na ƙasa da zan iya bayarwa. Ba don ita ba, da shawarata ta tsufa a zaure. Sai dai wannan gaskiyar ba ta taɓa sanyaya mini rai ba; ƙara mini zafi take yi. Shekara da shekaru ina tsaron ƙofar gandu, ashe makullin yana aljihun mai hatsi.

Da sa hannu ya sauko, aka yi taron buɗewa. Aka zaunar da shi a kujerar gaba kusa da hakimi, ni a layi na biyu, bayan rawaninsa. Masu jawabi suka yi ta yaba hangen nesansa. Wani ma ya ce dubi yadda Allah Ya tsara itatuwan nan da tazara kamar an san za a yi kaburbura. Na dubi layukan, miƙaƙƙu kamar sahun salla, na tuna igiyar da na ja da hannuna. Taubashina ya waiwayo ya raɗa mini, "Ka ji? Allah ne Ya tsara, ba kai ba. Yi shiru kada ka yi saɓo."

Tun daga ranar jama'a suka sa wa wurin suna maƙabartar Alhaji. Na yi ta cewa a raina, ba komai, akwai abu guda da ba zai ƙwace mini ba. A bakin layi na farko akwai darbejiyar da na fara sa wa a rami da hannuna, ta fi sauran kauri. Na riga na nuna wa babban ɗana gindinta, na ce in ta Allah ta kasance, a nan nake so. Na girmi taubashina, ga ciwon ƙafa, ga hawan jini. Ban yi shakkar wanda zai riga wani ba.

Ba a kai ga binne kowa a wurin ba, ana jiran a gama katanga, sai taubashina ya kwanta ciwon kwana kaɗan ya cika. Mai unguwa ya ce ba wanda ya cancanci ya buɗe maƙabartar sai shi, kuma a ba shi inuwa mafi kyau. Ina tsaye masu haƙa suka nufi gindin itaciyata. Ɗana ya dube ni, na girgiza masa kai. Ni na karɓi kansa aka sa shi a kabari, ni na jera itacen, rassan darbejiyata, na sa hannu aka tura ƙasa. Na yi kuka irin wanda ban yi wa kowa ba tun rasuwar mahaifiyata, domin babu sauran mai kirana bawa a duniya. A cikin kukan kuma, Allah Ya gafarta mini, ina jin kamar zai ɗago ya ce, "Matsa can, malamin daji, wurin ubangidanka ne."

Yanzu katanga ta kammala, za a kafa allo a bakin ƙofa. Mai unguwa ya aiko a ce, tun da ni ne mai tsohon ilimi a layin, in tsara abin da za a rubuta. Na tsara. Sunan Alhaji yana sama, da addu'ar Allah Ya jiƙansa, da ranar da aka buɗe. Ban sa sunana ba. Ba na jayayya da wanda ke ƙarƙashin ƙasa, kuma ban saba roƙon yabo ba. Layi ɗaya kawai na ƙara a ƙasa, na ce wa mai unguwa in za a cire shi, to, a nemi wani ya tsara allon.

Ya karanta, ya ce, "Malam, wannan kwanan watan na mene ne? Ai ya girmi maƙabartar nesa ba kusa ba."

Na ce, "A rubuta shi dai. Wanda ya tsaya a inuwar nan ya tambaya, zai sami mai ba shi amsa."

Ga abin da nake so a rubuta, a allon da kuma a nan: an dasa itacen farko na wannan wuri ranar Litinin ta farko a watan Yuli, shekarar da aka bar fam aka koma naira.