Ranar da Ban Ji Kwamfuresa Ba

An ɗauke wuta wajen sha ɗaya na safe, ina tsaye a kan injina na buga bokitin roba. Fankoki suka tsaya, ƙarar da ta cika mana kunne tun safe ta mutu, sai tarin mutane kawai kake ji da jan silifa. Kamfaninmu a Sharada yake, rufin kwano ne, fanka ta tsaya minti biyar ba mai iya zama a ciki. Shi ya sa in an ɗauke wuta kowa yake fita gindin darbejiyar bakin get ya jira. Janareto kuwa ba a tada shi sai abin ya yi tsawo sosai.

Matsalar jiran nan, ba ka san tsawonsa ba. Wata rana minti goma, wata rana har a yi azahar. Amma tsofaffin ma'aikata suna da yadda suke ganewa. Akwai kamfanin alawa a tsallaken titi, layin wutarmu ɗaya da su, kuma kwamfuresarsu, injin matsa iska, tana riga komai tashi. Da ka ji ta fara gurnani, to wuta ta dawo, saura kamar minti biyu a busa mana jiniya. Ba mai jiran jiniyar. Da gurnanin kowa yake miƙewa, saboda wuta na dawowa hitar injinka mai narkar da roba take kamawa da kanta, in ba ka nan ka turo tsohuwar robar da ta daskare a bututu, ƙonewa take yi a ciki. Daga nan kuma bokitin da za ka buga har yamma baƙin zane ne a jikinsa, sai dai a mayar a niƙe.

Kawuna ne ya shigar da ni aikin, ƙanin mahaifiyata. Ya daɗe a wurin, har fomen, mai kula da ma'aikata, Malam yake ce masa. Ni kuwa tun da na bar makaranta a aji uku ban taɓa yin wata shida a wuri ɗaya ba. Na ja adaidaita, na zauna a shagon gyaran waya, na yi dako a Bompai, duk na gudu. A nan ma sau biyu ana kama ni. Na farko makara, na biyu na bar inji yana aiki na fita kallon faɗan direbobin tirela. Duka biyun Kawu ne ya je ya ba fomen haƙuri. Bayan na biyun, muna hanyar komawa Zawaciki a kan babur ɗinsa, ya ce min ba tare da ya juyo ba:

"Na uku ba zan buɗe bakina ba. Ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Kawu. Ba za ku sake ji ba."

To ranar muna fita gindin bishiya na zaro waya. Gem biyu ne a cikinta, don ba ta ɗaukar na uku. Akwai na dambe, akwai na harbi.

Na dambe ba ruwansa da data. Mutum biyu ne a fili, naushi da shuri, zagaye uku, minti biyu ko uku an gama. Kana tsakiyar yi aka kira ka, sai ka danna ya tsaya ka jefa a aljihu, ko da daddare ka dawo mutumin yana nan da ƙafarsa a sama yana jiranka. Ko sauti ba ka buƙata. Aibinsa ɗaya, na cinye shi. Na san duk abin da kowane ƙato a ciki zai yi kafin ya yi, yatsuna ne kawai suke aiki, kaina yana wani wuri.

Na harbi daban ne. Jirgi ne yake zubo ku a wani tsibiri, ku huɗu-huɗu, da mutanen gaske daga ko'ina. Ka sauka ba ka da ko wuƙa, sai ka shiga gidaje kana tsintar bindiga, filin kuma yana ta tsukewa yana haɗa ku da waɗanda suka rage. In ka yi nisa yakan ci minti ashirin da wani abu. Ba a tsayar da shi. Ka fita a tsakiya ka bar 'yan'uwanka su uku a hannun mutum huɗu. Sannan da kunne ake yinsa, sai ka sa iyafis kake jin takun mutum, ka san ta hagu yake ko ta dama, a sama yake ko a ƙasa. Shi ne gem ɗin da yake sa tafin hannuna gumi. A lokacin ba abin da yake sa ni zama wuri ɗaya kamarsa.

Abokin aikina, wani ɗan Maraɗi da injinsa yake kusa da nawa, ya zauna a gefena ya leƙo.

"Mi za mu buga? Sa muna na dambe in farfasa maka baki."

"Kai da ko tsalle ba ka iya ba?"

"Jiya wa ya sha kashi?"

"Jiya yatsana ne yake ciwo."

Har na ɗora yatsa a kan na damben, sai ga saƙo daga abokina na Hotoro, wanda muka yi aji ɗaya. Ya ce su uku suna ciki, saura ni, wasa ɗaya ya rage mana mu hau matakin da muka yi sati biyu muna nema. Ya ƙara da cewa in na tsaya yanga za su ɗauki wani.

Na ɗaga kai na kalli wayoyin wuta, kamar za su gaya min wani abu. Na kalli Kawu. Yana can kan benci da hularsa a gwiwa, suna hira da mai gadi. Na fara lissafi a raina. Shekaranjiya awa biyu ta yi. Ranar Litinin kuma ko ruwa ban gama sha ba ta dawo.

Ɗan Maraɗi ya ga saƙon. Ya ce, "Wanga na harbi ba na jiran wuta ba ne. Bari sai an tashi."

"Kunne ɗaya zan sa. Ɗayan yana kan kwamfuresa."

"Kai ɗin?"

"Wallahi. In ma ban ji ba ai kana nan, ka taɓa ni."

Ya girgiza kai, ya jawo tasa wayar. Ni kuma na san in Kawu ya hango igiyar iyafis a wuyana, kallon da zai min ma ya isa. Sai na zame na koma bayan wata tirela da aka ajiye a jikin katanga. Can netwok ya fi ƙarfi, haka na gaya wa kaina.

Na shiga gem ɗin, muka sauka a tsibirin lafiya. Minti biyar na farko kunnena na hagu a buɗe yake, ina jin hirar mutane, ina jin mai rake yana kankara. Na kashe mutum biyu a wani bene. Rana ta zagayo tana haska min fuskar wayar, sai na ƙara matsawa, na shige ƙarƙashin tirelar gaba ɗaya na jingina da taya. Wurin da sanyi, sai warin baƙin mai.

Aka kashe mana mutum ɗaya. Fili ya tsuke. Aka sake kashe ɗaya, saura ni da na Hotoro, muna kwance a cikin ciyawa, mutum biyar suka rage a tsibirin duka. Yana min raɗa a kunne, "Akwai wani kusa da kai. Ta ina yake? Kai, ta ina yake?"

Ina jin takun, amma da kunne ɗaya ba ka sanin ɓangare. Ban ma yi shawara ba. Hannuna ne ya ɗauko ɗayan ya toshe.

Ta dama yake. Na juya na zuba masa. Saura huɗu. Daidai nan kira ya shigo ya rufe min rabin fuskar waya, na share shi da babban yatsa ko sunan ban duba ba. Ya sake shigowa, na sake sharewa. Saura uku.

Ba ƙara ce ta dawo da ni ba, wari ne. Warin ƙonanniyar roba, wanda duk mai aikinmu ya sani, mai kama maƙogwaro. Na fizge iyafis ɗin. Kwamfuresar kamfanin alawa tana ta gurnani, irin gurnanin da ya daɗe da zama. Na leƙa ta tsakanin tayoyi. Gindin darbejiya ba kowa, sai mai rake yana tattara ɓawo.

Na fito da rarrafe na buga kaina da ƙarfe, ban ko tsaya shafawa ba. Ƙaramar ƙofar get a rufe. Na bubbuga. Baba mai gadi ya leƙo ya dube ni sama da ƙasa.

"Sai yanzu? Abokinka ya zagaya nemanka har ya gaji."

Ya buɗe min. Na shiga da gudu. Duk injuna suna aiki, bokitai suna faɗowa, ban da nawa. An kashe shi, hayaƙi yana fita ta bakin bututun a hankali. Ɗan Maraɗi yana kan nasa injin, ya kalle ni sau ɗaya ya mayar da kai. Fomen yana tsaye a wurina, hannunsa a baya. Ya aika an kira Kawu.

Wayar tana aljihuna, ban fita daga gem ɗin ba, ina jin muryar na Hotoro 'yar ƙarama tana fitowa ta iyafis, yana kiran sunana.

Fomen ya ce, "Ina ka je?"

"Ina waje, Oga."

"Kowa ma a waje yake. Kowa ya ji. Kai me ya toshe maka kunne?"

Igiyar tana lilo daga aljihuna. Ya kalle ta, bai ƙara tambaya ba. Kawu ya iso yana goge hannu da tsumma. Fomen ya juya wajensa, ya sassauta murya.

"Malam, ɗanku ne. Me kuka ce?"

Na san da Kawu zai ce a yi haƙuri, za a yi. Fomen ɗin ma kamar jira yake ya faɗa. Na kalli Kawu, shi kuma yana kallon hayaƙin. Ya ninke tsumman nan gida biyu, ya sake ninkewa.

Ya ce, "Oga, injina yana aiki ba kowa a kai." Ya juya ya tafi.

Fomen ya miƙo hannu, na ciro katin aikina daga wuya na ba shi.

Na koma gindin darbejiya na zauna a kan bencin da Kawu ya tashi. Na zaro wayar. An harbe mutumina na cikin gem yana kwance a ciyawa ko motsi ba ya yi, mun zo na biyu, matakin bai samu ba. Na Hotoro ya turo saƙon murya har huɗu, ban buɗe ba. Kira biyu da na share, na ɗan Maraɗi ne.

Ban tafi gida ba, don ban san me zan ce wa mahaifiyata ba. A nan na zauna har aka tashi. Kawu ya turo babur ɗinsa ya fito, ya tsaya a gabana bai kashe ba, bai kuma kalle ni ba. Ya ɗan matsa gaba a kan sirdin kamar yadda yake yi kullum. Na hau. Muka kama hanyar Zawaciki.