Muryar da Na Zaɓa wa Jirgin Malam

Matso nan kusa, ja tabarma ka zauna, in faɗa maka wata magana da ta tsaya mini a rai. Ba sai na yi raɗa ba, don wanda maganar ta shafa ko a bayansa na tsaya na faɗe ta ba ji zai yi ba.

Maigidana, Malam, direban jirgin ƙasa ne a zamaninsa. Da aka kai ni gidansa, a kwatas ɗin ma'aikatan reluwe muka zauna a Kano, tsakanin ɗakinmu da layin dogo bai fi jifa ba. Ni ba mai fita ba ce tun asali, saboda haka da kunne na san jirage. Ina tankaɗe zan ce wa maƙwabciyata wannan na kaya ne, wancan na fasinja, wannan kuwa Malam ne, bari in ɗora ruwa. Kowane kan jirgi da irin numfashinsa. Wanda Malam ya fi ja yana da wani gurnani can ƙasa-ƙasa, kamar ana daka a bayan katanga, sannan in ya fara jan kaya sai wani siririn fito ya hau kan gurnanin. Da ya yi ritaya muka dawo Gaya, inda babu layin dogo ko taƙi ɗaya, ya kama gonar gado ta hanyar Kademi. Abin da jirgi ya sallame shi da shi, ciwon baya ne da nauyin kunne. Yanzu in kana son ya ji ka, sai ka tsaya gabansa ya ga bakinka.

Autanmu yana gyaran waya a Kano. Shi ya tsinto wa ubansa wani ɗan jirgi a cikin kayan gwanjo. Kada ka ɗauka irin na roba ne da ake saya wa yara da Sallah. Wannan mai nauyi ne, kansa ya kai tsawon tafin hannu, ƙafafunsa na ƙarfe, da taragai, da layin dogo gutsure-gutsure da ake harhaɗawa. Wuta ta cikin layin take bi ta shiga ƙafafun. Malam ya sa aka ɗauko tsohon ƙyaure aka ɗora kan bulo a ɗakin zaure, ya shimfiɗa layinsa, Auta ya ja masa waya daga batirin sola.

Sai dai jirgin ya ga duniya kafin ya zo hannunmu. Tafiyarsa duk tuntuɓe ce. Ya yi gaba, ya dakata, ya zabura, in ya zo kwana ya tsaya cak sai an zungure shi da yatsa. Malam ya goge layin da tsumma, ya ɗiga mai da tsinken tsintsiya, ya hana ni hura wuta ta wannan ɓangaren wai hayaƙina ne ke ɓata masa hanya. Duk a banza. Abin yana ci masa rai sosai, don shi mutum ne da yake alfahari da hannunsa. Yakan ce a zamaninsa in ya tayar da jirgi, mai riƙe da kofin shayi a tarago ba ya sanin an tashi.

Ƙanwarsa da ke aure a Gafasa ta zo ta tarar da shi durƙushe yana tura jirgin. Ta tsaya a gabansa ta riƙe haɓa.

"Yaya, ashe ritayar turin jirgi aka ba ka? Da can shi yake ɗaukarka, yanzu kai kake goyonsa."

"Ke da ko amalanke ba ki taɓa ja ba," in ji shi.

Muka yi dariya, amma na ga yadda ya tsuke baki bayan ta juya.

Da Auta ya zo gida, ya buɗe kan jirgin ya duba, ya ce akwai wata 'yar na'ura da ake sa wa irin waɗannan, dikoda sunanta, amma ba irin ta talabijin ba, ita bai fi ƙumba ba. Ita ke sarrafa tafiyar, kuma ita ke sa jirgi ya yi kuka kamar na gaske. Ya ce iri biyu zai iya samowa, kuma cikin jirgin matsattse ne, ɗaya kawai zai ɗauka. Ta farko tana da sifika babba, muryarta cikakkiya, amma da zarar ƙafa ta rasa wuta sai komai ya ɗauke. Ta biyu tana da ɗan abin da ke riƙe wuta, kamar yadda ake ajiye ruwa a randa, in an zo wurin da layi ya yi datti sai ta ɗebo daga ajiyarta jirgin ya wuce sumul. Amma wannan ajiyar ta cinye wurin sifika, muryarta ƙarama ce.

Malam ya bi bakin yaron da kallo har ya gama, sannan ya ce, "Ni me zan ji? Tura wa uwarka. Ita ta san muryar."

Auta ya koma Kano ya turo mini kukan kowacce a waya. Da hantsi ne, ina tsince shinkafa. Na kunna ta biyu tukuna, na ji abu kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba. Na kunna ta farko, sai faifan ya tsaya a hannuna. Gurnanin nan ne, da fiton a kansa. Na ga ɗakinmu na kwatas, na ji ƙamshin garwashin dutsen guga, na ji kwanukan jerena suna kaɗawa a jikin bango. Na maimaita har kaji suka zo suka yi mini ɓarna a shinkafa ban kore su ba.

Na kira Auta na ce ta farko.

"Umma, ki tuna fa, wannan ba za ta hana shi tsayawa ba."

"Na ji."

"Baba gani yake yi, Umma, ba ji ba."

"Kai ka haife ni ko ni na haife ka? Murya aka ce in zaɓa, na zaɓa."

Ya ce to. Ni kuma na lallashi zuciyata da cewa ai abin da Malam ya sa ni ke nan.

Ranar da ya zo sawa, ya zauna a zaure da ƙarfensa na liƙi, ya haɗa wayoyi sirara kamar gashi, ya rufe, ya ɗora jirgin a kan layi. Injin ya yi tari, ya kama, gurnani ya cika zauren. Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Malam bai kalli jirgin ba, fuskata ya kalla.

"Shi ne?"

"Shi ne, Malam."

Ya yi murmushi, ya ɗora tafinsa a kan ƙyauren don ya ji rawar da katakon ke yi. Jirgin ya taho, ya iso kwana, ya tsaya, muryar ta yanke ɗif. Malam ya sunkuya ya zungure shi, injin ya sake tari daga farko kamar yanzu aka tayar da shi. Auta ya dube ni, ya mayar da kai ga tattara kayansa.

Tun daga ranar, in Malam ya dawo daga sallar la'asar sai ya leƙo tsakar gida ya ce, "Hajiya, zo ki ji jirginki." Jirginki fa yake cewa. In zauna a bakin ƙofa da zarena, shi kuma ya bi jirgin yana kewaya ƙyauren, hannu ɗaya a ƙugu saboda bayan, ɗayan a miƙe yana jiran inda zai tsaya. Ina jin daɗin muryar, ba zan ɓoye maka ba, har yau tsikar jikina takan tashi. Amma duk sanda ta yanke nakan ga bakinsa ya tsuke, sai daɗin ya zame mini kamar na ci abincin mai azumi. Shi ya yi shekaru a cikin ƙarar nan har ta cinye masa kunne. Ido ne ya rage masa, kuma abin da idon ke so bai fi ya ga jirgin ya tashi a hankali ya kewayo ba tare da an taɓa shi ba.

Auta ya ce in ana so, in ya zo Sallah zai cire wannan ya sa ta biyun. Malam ya ce a tambayi uwarsa. Na bari ya gama cin abinci, na zauna daidai gabansa yadda zai ga bakina.

"Malam, a canza ta."

"In an cire, ke me za ki ji?"

"Kai yanzu me kake gani?"

Sai ya kawar da kai ya shiga gyaran hularsa. Mutumin da ke ji da ido, in ba ya son magana, juya fuska kawai yake yi. Na taɓa gwiwarsa ya juyo, ya ce shi tun da ya bar aiki bai ga na bar girki na fito don wani abu nasa ba sai yanzu, saboda haka in bar masa turinsa.

To ka ji inda nake. In na sa aka canza, jirgin zai tafi yadda yake so, amma na karɓe abin da yake ganin ya ba ni. In na bari, zan ci gaba da zama ina shan daɗi, tsoho yana sunkuyo da ciwon baya. Sallah ta matso, Auta ya kira jiya na ce ina kan tunani. Kai da ka ji duka, in kai ne a zaune a bakin ƙofar nan, me za ka ce wa yaron?