Mai Ƙwanƙwasa Ƙofa

Shekara ashirin da shida Cleon Pruitt ya yi yana wa wata ƙungiyar ƙwallon Amurka aiki a Ohio. Wankin riguna da gyaran hulunan kwano ne aikinsa, amma duk ƙattin ƙungiyar shi suke tsoro. Duk ƙarshen Agusta, idan za a rage 'yan wasa zuwa hamsin da uku, shi ake aika ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Koci na kira, zo da littafinka." Littafin dabarun wasa ke nan, kuma wanda aka ce ya zo da shi ya san tasa ta ƙare.

Masu sharhi a talabijin sai su jera sunaye, wane ya tsufa, wane bai cancanci kwantiraginsa ba, su tashi su tafi cin abinci. Cleon ne yake ganin ƙato da kumburarriyar gwiwa yana hawaye. An zage shi, an jefe shi da takalmi, ba mai zama teburi ɗaya da shi. Duk da haka shi yake ɗaukar wa kowane korarre jakarsa har mota.

Bana aka naɗa sabon manaja, Darnell Voss, wanda Cleon ya taɓa ƙwanƙwasa wa ƙofa. Ran Litinin ya leƙo ɗakin wanki yana murmushi, ya ce, "Tsoho, zo da makullanka."

Cleon ya kashe injin wanki ya miƙa masa su. Jakarsa kuwa, da kansa ya ɗauke ta har mota.